Waya ɗaya, bakuna da yawa: tarihin rabon kafar sadarwa daga tangaraho zuwa rezon Yekuwa

Tsakure

Wannan maƙala tana bin sawun matsala guda a tarihin sadarwa, watau yadda masu aika saƙo da yawa suke raba kafa ɗaya ba tare da maganarsu ta cakuɗe ba. An bi matsalar daga tangarahon Baudot na 1874 har zuwa wayar salula da ake amfani da ita a ƙasar Yekuwa, kan iyakar Nijar da Najeriya. Abin da muke son nunawa shi ne, kowace dabarar rabo tana ɗauke da hukunci game da wanda zai fara da wanda zai jira, kuma harshen Hausa da rubutunsa suna cikin waɗanda hukuncin ya shafa.

1. Gabatarwa

A cikin fasalin da Roman Jakobson ya gabatar a 1960, kowace magana tana da rukunai shida: mai magana, mai saurare, saƙo, abin da ake magana a kansa, harshe, sai kuma kafar da ta haɗa mutanen biyu. Masu nazarin harshe sun duƙufa a kan rukunai biyar na farko, na shidan kuwa sun ɗauke shi tamkar iskar shaƙa, wadda ba ta ƙarewa. Amma tun 1948 Claude Shannon ya nuna cewa kowace kafa tana da iyakar abin da take iya ɗauka cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ana auna wannan iyaka da bit. Abin da ke da iyaka, idan masu buƙatarsa sun yi yawa, sai an raba shi. Tarihin wannan rabo shi ne batunmu.

Za mu yi amfani da kalmomi huɗu a bisa ma'ana ƙayyadadda. « Kafa » ita ce duk abin da saƙo ke bi, waya ce ko igiyar rediyo ko zaren gilashi. « Ƙunshi » shi ne guntun saƙo da aka yanka aka rubuta masa adireshi. « Karo » shi ne haɗuwar saƙo biyu a kafa ɗaya a lokaci ɗaya har su ɓata juna. « Ƙa'ida » kuwa ita ce yarjejeniyar da na'urori ke bi don kauce wa karo ko gyara ɓarnarsa.

Mun zaɓi Yekuwa, ta gundumar Magarya a jahar Damagaram, saboda tana gaɓar da tsarin sadarwa biyu suka haɗu, na ƙasashen da Faransa ta mallaka da na waɗanda Ingila ta mallaka. A irin wannan wuri ne aka fi ganin sakamakon rabo.

2. Kafin waya

Yekuwa tana da suna a tarihin Daura. Lokacin da jihadi ya kori sarautar Hausa daga Daura a farkon ƙarni na 19, Sarkin Gwari Abdu ya yi ta ƙaura har ya zauna Yekuwa, daga baya zuriyarsa suka riƙe Zango da Ɓaure da Magarya. M. G. Smith ya yi bayanin wannan rarrabuwa a littafinsa na 1978 kan Daura, André Salifou kuma ya nuna a 1971 yadda waɗannan garuruwa, tare da ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Wasa, suka shiga ƙarƙashin Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884.

A wancan zamani saƙo iri biyu ne. Akwai na nesa, wanda manzo ko ɗan aike ke kaiwa bisa doki, ko kuma a damƙa wa fatake su tafi da shi zango-zango ƙarƙashin madugu. Akwai kuma na cikin gari, wanda tambari da sanƙira ke yaɗawa. Na biyun ya fi kusa da batunmu, domin sararin garin kafa ɗaya ce: kowa yana ji, kuma idan biyu suka ɗaga murya tare babu wanda za a fahimta. Maganin da aka yi wa wannan shi ne daraja. Ba kowa ke da iznin sa a kaɗa tambari ba, kuma a zaman fada an san wanda ke fara magana da wanda ke bi masa. Ƙa'idar rabo ta farko ke nan, kuma za mu ga ba ta ɓace ba da zuwan waya.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini. Iyakar da aka fara zanawa a takarda a 1890, daga Sayi zuwa Barruwa, an sake ta a 1898 da 1904 da 1906, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Daura da Zango da Ɓaure suka faɗa hannun Ingila, Magarya da Yekuwa da Dungas suka faɗa hannun Faransa. Gida ɗaya ya zama yana da gidan waya biyu.

3. Tangaraho: rabon lokaci da fifiko

Kafa turaku da ja waya ta ɗaruruwan kilomita aiki ne mai tsada, saboda haka tun farko injiniyoyi suka nemi yadda waya ɗaya za ta ɗauki saƙon ma'aikata da yawa. A 1874 Émile Baudot, ma'aikacin gidan wayar Faransa, ya yi rajistar wata na'ura mai hannu da ke juyawa kamar na agogo. Duk zagaye ɗaya, hannun yana ba kowane ma'aikaci wayar na ɗan ƙyaftawar ido, ya aika harafi guda, sannan ya wuce ga na gaba. A ɗaya bakin wayar akwai wani hannun da ke juyawa daidai da na farko, yana kai kowane harafi wurin mai shi. Hukumar wayar Faransa ta karɓi tsarin a 1877. Wannan shi ne rabon lokaci, kuma kamarsa ɗaya da rabon kwana a gidan mai mata fiye da ɗaya: kowa ya san nasa, babu rigima, amma idan mai rabon ba shi da abin aikawa, lokacin ya tafi a banza.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan zamani. Na farko, kowane harafin Baudot alamu biyar ne, watau haɗi 32 kacal, waɗanda aka auna bisa buƙatar Faransanci. Za mu koma kan wannan a sashe na 8. Na biyu, yarjejeniyar tangaraho ta ƙasa da ƙasa da aka sa wa hannu a birnin Sen Fitasbag a 1875 ta kasa saƙonni gida uku: na gwamnati, na aikin waya, na jama'a, kuma na gwamnati ne ke gaba. Darajar fada ta shiga doka ke nan.

A Nijar, wayar mulkin mallaka ta bi hanyar da Faransa ta yi ta nema a shawarwarin iyaka, watau daga kogin Kwara zuwa Damagaram zuwa tafkin Cadi, kuma Damagaram ce hedikwatar ƙasar daga 1911 zuwa 1926. Wayar Ingila kuwa ta nufi Kano, inda jirgin ƙasa ya iso a 1911, ta gangara Ikko. Ta Faransa ta miƙe gabas da yamma, ta Ingila ta miƙe kudu, alhali zumunci da cinikin mutanen Magarya da Daura tsakanin arewa da kudu suke, ƙetaren iyaka. Har bayan samun ƴancin kai a 1960, sau da yawa kiran tarho tsakanin ƙasa mai Faransanci da maƙwabciyarta mai Ingilishi sai ya bi ta Faris da Landan. Harshe ya ajiye shaidar wannan zamani: « waya » daga Ingilishi, « tangaraho » da « tarho » daga sunayen Turai na na'urorin biyu.

4. Tarho: keɓe layi

Tarho ya zo da wata dabara. Idan mutum ya yi kira, ana keɓe masa hanya tun daga bakinsa har kunnen abokin maganarsa, kuma babu mai shiga cikinta sai ya ajiye. Tambayar da ta taso ita ce, layi nawa ne zai ishi gari? A. K. Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na Kofanhagan, ya amsa ta a rubuce-rubucensa na 1909 da 1917. Ya nuna cewa tunda mutane ba sa kira gaba ɗaya, layuka kaɗan suna isar jama'a masu yawa, muddin an yarda cewa wani kaso na masu kira za su tarar da layi a cike. Kamfani ne ke zaɓar girman wannan kaso. Saboda haka idan aka kasa samun layi ranar salla ko ranar kasuwa, ba lalle ne wani abu ya lalace ba, lissafin ne aka yi shi bisa ranakun da ba su da cunkoso.

Don ƙara yawan muryoyi a waya ɗaya, an bi hanya biyu. Ta farko ita ce rabon mita, wadda aka fara aiki da ita a Amurka a 1918: kowace murya tana hawa tata mitar, kamar yadda tashoshin rediyo ke zaune kusa da juna a akwati ɗaya. Ta biyu ta taso daga aikin Alec Reeves a birnin Faris a ƙarshen shekarun 1930, inda ake auna murya a mayar da ita lambobi. A tsarin da aka daidaita daga baya, ana auna muryar sau 8.000 a daƙiƙa, abin da ke ba da bit 64.000. Tsarin Turai, wanda Afirka ta bi, yana jera gurabe 32 a kafa ɗaya, 30 na murya, biyu na daidaita tafiya da sigina. Hannun agogon Baudot ne ya dawo cikin sabuwar riga.

5. Ƙunshi

Kwamfuta ba ta magana irin ta mutum. Takan yi shiru na dogon lokaci, sannan ta zubo saƙo da yawa a tashi ɗaya. Keɓe mata layi asara ce, domin mafi yawan lokaci layin zai zauna fanko. Paul Baran a Amurka, cikin rahotanninsa na 1964, da Donald Davies a Ingila a 1965, kowane da kansa, suka kawo shawara iri ɗaya: a yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowane ƙunshi ya ɗauki adireshinsa, a miƙa shi daga mararraba zuwa mararraba. A kowace mararraba ana ajiye shi cikin layi har hanya ta buɗe. Wanda ya san tafiyar fatake zango-zango ba zai sha wuyar gane wannan ba. Hanyar ARPANET ta Amurka ta aika saƙonta na farko ran 29 ga Oktoba 1969 bisa wannan tsari.

Gudummawar Faransa tana da muhimmanci, kuma ɗalibanmu ba su cika saninta ba. A farkon shekarun 1970 Louis Pouzin ya jagoranci aikin Cyclades, wanda aka gwada a bainar jama'a a 1973. Ra'ayinsa shi ne kada hanya ta ɗauki alkawarin komai: ta yi iya ƙoƙarinta kawai, ƙunshi na iya ɓata ko ya iso a baya, na'urorin da ke bakin hanya su ne za su lura su gyara. Hukumar wayar Faransa ba ta so wannan ba. Ta fi son hanyar da ita ce ke riƙe da ragama kuma take lissafin kuɗi, don haka ta buɗe Transpac a 1978, Cyclades kuma ya rasa kuɗin tafiya ya mutu. Amma ra'ayin Pouzin ya shiga aikin Vinton Cerf da Robert Kahn na 1974, wanda ya haifi ƙa'idar TCP/IP da ARPANET ta koma kanta ran 1 ga Janairu 1983. A kanta intanet take tafiya.

6. Karo da cunkoso

Idan kafar rediyo ce, ko waya ɗaya ce da na'urori da yawa suka jingina a jikinta, sai matsalar sanƙira ta dawo. A 1971, a Jami'ar Hawayi, Norman Abramson ya haɗa tsibirai da rediyo bisa ƙa'ida mafi sauƙi, wadda ya kira ALOHA: mai saƙo ya aika kawai, idan bai sami amsar isowa ba, ya ɗan jira na wani lokaci da aka zaɓa da ƙuri'a, ya sake. Lissafi ya nuna cewa da wannan ƙa'ida abin da ke isa lafiya ba ya wuce kashi 18 cikin ɗari na ƙarfin kafar. A 1972 Lawrence Roberts ya nuna cewa idan aka yanka lokaci gurbi-gurbi, aka hana kowa farawa sai a bakin gurbi, rabon yana ninkawa zuwa kusan kashi 37.

A 1973 Robert Metcalfe, a cibiyar binciken Xerox, ya ƙara sharaɗi biyu ya samar da Ethernet. Kafin ka aika, saurara. Idan kana cikin aikawa ka ji wani ya shigo, ku duka ku tsaya, kowa ya ja ƙuri'ar jira, kuma duk lokacin da karon ya maimaitu a ninka tazarar da ake jan ƙuri'ar a cikinta. Bayan gwaji 16 a haƙura. Kamfanin IBM ya fito da kishiyar wannan a 1985: alama guda tana zagaya na'urori, wanda take hannunsa ne kaɗai ke magana, kamar kwasar adashe. Tsarin IBM ya fi tabbas, Ethernet ya fi araha, kuma mai arahar ne ya ci kasuwa. Wi-Fi, da aka daidaita a 1997, jikan Ethernet ne.

Ga mai nazarin harshe akwai abin lura a nan. A 1974, shekara ɗaya bayan takardar Metcalfe, Sacks da Schegloff da Jefferson suka buga nazarinsu kan karɓa-karɓar magana a mujallar Language. Abin da suka bayyana shi ne cewa masu hira suna raba bakin magana ba tare da shugaba ba, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kuma idan biyu suka fara tare, ɗaya yakan janye nan take. Binciken Stivers da abokan aikinta na 2009 a harsuna goma ya sami matsakaiciyar tazarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa tsakanin tambaya da amsa. Hausa ba ta cikin goman, kuma wannan fili ne ga ɗalibanmu. Sai dai kamancin yana da iyaka. Ethernet ba ta san babba da yaro ba, ƙuri'a ce ke raba gardama. A zauren Bahaushe kuwa, idan dattijo da saurayi suka fara tare, an riga an san mai janyewa.

Matsala ta ƙarshe ita ce cunkoso. A watan Oktoba 1986 wata hanya tsakanin cibiyoyi biyu maƙwabta a Bakali ta jihar Kalifoniya ta faɗo daga bit 32.000 a daƙiƙa zuwa bit 40, saboda kowace na'ura da ta rasa ƙunshi tana sake turo shi cikin hanyar da ta riga ta cika. Van Jacobson, wanda bai kamata a rikita shi da Roman Jakobson ba, ya kawo magani a 1988: mai aikawa ya fara a hankali, ya riƙa ƙarawa muddin amsa na dawowa, idan ƙunshi ya ɓata ya rage rabi. Ƙa'idar ta ceci intanet, amma tana da son kai a ɓoye. Ana ƙara gudu ne duk lokacin da amsa ta dawo, saboda haka wanda amsarsa ke dawowa da wuri ya fi saurin cin rabo. Tauraron ɗan Adam mai tsayuwa wuri ɗaya yana nisan kusan kilomita 36.000, kuma zuwa da dawowa ta kansa yana cin wajen rabin daƙiƙa. Ƙasar da ba ta da teku, wadda ta daɗe tana dogara ga tauraro, tana baya a wannan tsere tun kafin a fara shi.

7. Nijar: daga RIO zuwa salula

Wasiƙar kwamfuta ta fara isowa Yamai ta hanyar RIO, wadda cibiyar binciken Faransa ORSTOM ta shimfiɗa tsakanin ofisoshinta na Afirka tun daga ƙarshen shekarun 1980. Hanyar ba ta zama a buɗe kullum. Kwamfuta tana tara wasiƙu, ta kira ƴar'uwarta ta layin tarho a lokacin da aka tsara, su yi musaya, ta ajiye. Ayari ne sosai: wanda ya makara sai ya jira tashi na gaba. Nijar ta shiga intanet kai tsaye a 1996 ta tauraro, kuma aka kafa SONITEL a 1997. Amfanin wannan duka ya tsaya a manyan birane. Ga ƙauyukan Magarya da Dungas, tarihin ya fara ne da salula.

Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, shekarar da salular GSM ta fara a Najeriya. Ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, aka sayar da ita a 2019 ta zama Zamani Telecom. An haɗa SONITEL da SahelCom a 2016 aka sami Niger Telecom. Jenny Aker ta nuna a 2010 cewa tsakanin 2001 da 2006 zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

GSM ta tattara duk dabarun da muka gani. Hukuma tana raba mita tsakanin kamfanoni: ARCEP a Nijar, NCC a Najeriya. Kowace mita mai faɗin kilohaz 200 an yanka ta gurbi takwas, kuma kowace waya tana magana a gurbinta kusan sau 217 a daƙiƙa, watau Baudot. Yawan gurabe a turke yana bin lissafin Erlang. Wayar da ke neman gurbi kuwa, kafin a ba ta, tana yin sallama ne ta wata kafa ta kowa da kowa bisa ƙa'idar ALOHA mai gurbi. Tsarin 4G ya sake fasalin rabon, turke yana sake raba mita da lokaci duk kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma sallamar farko har yanzu jikar ALOHA ce. Duk wanda ya danna kira a Yekuwa yana maimaita gwajin tsibiran Hawayi.

Wannan yana da sakamako biyu a bakin iyaka. Na farko, ƙa'idar GSM tana ba waya damar magana da turke har nisan kilomita 35, igiyar rediyo kuma ba ta san alamun Tilho ba. Shi ya sa a garuruwan iyaka wayar mutum takan kama turken ƙasar da ba tasa ba, kuma riƙe layi biyu ya zama al'ada. Abin da wayar mulkin mallaka ta raba, salula ta ɗan ɗinke shi ba da niyya ba. Na biyu, wanda ke nesa da turke siginarsa rarrauna ce, don haka a tsarin 4G gurbi ɗaya yana ɗaukar masa bit kaɗan fiye da abin da yake ɗaukar wa na kusa. Ƙa'idar da ke neman cika kafa da bit mafi yawa za ta fifita na kusa, wadda ke neman daidaito za ta rage jimilla. Zaɓi tsakanin biyun yana hannun kamfani. Haka kuma turke ba ya ba da abin da ya fi ƙarfin hanyar da ta haɗa shi da sauran duniya. Wannan ne muhimmancin aikin zaren gilashi na ƙetare Sahara da Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗinsa a 2016, wanda ɗaya daga cikin rassansa shi ne Damagaram zuwa Magarya zuwa iyakar Najeriya. Reshe ne da ya bi hanyar arewa da kudu, wadda fatake suka bi kafin iyaka.

Jama'a ma sun ƙirƙiro tasu ƙa'idar. Kiran da ake katsewa kafin a ɗauka, wanda Jonathan Donner ya yi nazarinsa a Afirka a 2007, saƙo ne da ke hawa kafa ba tare da an biya ba, kuma ma'anarsa tana ga yarjejeniyar mutanen biyu: na iso, ko kira ni, ko ina gaisuwa. A wannan ma daraja tana aiki, domin mai ƙaramin ƙarfi ne ke yi wa mai hali, shi kuma ya kira.

8. Hausa a cikin kafa

Mu koma ga haɗi 32 na Baudot. Babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsu, haka kuma babu su a cikin haruffa 128 na ASCII na 1963. Haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939, taron Bamako na 1966 ya tabbatar da su, kuma Unicode ya ba su lambobi tun 1991. Amma gajeren saƙon salula, wanda aka fara aikawa a Disamba 1992, an tsara shi ne ya hau ragowar kafar sigina, inda wurinsa bit 1.120 ne. Da haruffan GSM masu bit bakwai, wannan wuri yana ɗaukar harafi 160. Idan aka sa ƙ guda ɗaya, dukan saƙon yana komawa bit 16 ga kowane harafi, ya ɗauki 70 kawai. Wanda ya rubuta Hausa daidai yana iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a inda wanda ya yi watsi da lanƙwasa ya biya na ɗaya. Wannan, tare da rashin haruffan a allon waya, yana cikin dalilan da suka sa tsara guda ta saba rubuta « kara » da « ƙara », « bata » da « ɓata », « daki » da « ɗaki » iri ɗaya. Malamin da ke gyara takardun ɗalibai yana ganin sakamakon hukuncin da injiniyoyin Turai suka yanke a kan bit bakwai. Manhajojin hira na intanet sun kawar da wannan haraji, domin a tsarin UTF-8 harafi mai lanƙwasa bit 16 ne shi kaɗai, bai shafi maƙwabtansa ba, amma al'adar da aka riga aka koya ba ta tafi tare da shi ba.

A fannin kalmomi, iyakar 1906 tana nan a bakin mutane. Ɗan Magarya yana cewa « babu rezo », ɗan Daura yana cewa « babu sabis ». Wannan yana yin « bip », wancan yana yin « fulashin ». Mutanen iyaka sun san duka biyun, kuma zaɓinsu yakan bi abokin magana. Ga masu aikin daidaita kalmomi, shawararmu ita ce a bar waɗannan aron da suka riga suka zauna, a mai da hankali ga kalmomin da ke bayyana yadda abin yake aiki, inda Hausa ba ta da buƙatar aro: kafa, gurbi, ƙunshi, karo, cunkoso, mararraba, bi da bi, karɓa-karɓa.

9. Kammalawa

Daga 1874 zuwa yau an gwada amsa huɗu ga matsalar rabon kafa: fifiko bisa daraja, ƙayyadadden rabo na lokaci ko na mita, keɓe layi ga wanda ya riga, da gasa mai ƙuri'a. Babu wadda ta kashe sauran, duk suna aiki tare a cikin wayar da ke aljihun manomin Yekuwa. Mun kuma ga cewa a kowane mataki nisa yana rage rabo: nisa daga hedikwatar mulkin mallaka, nisa daga teku, nisa daga turke, da nisan haruffanmu daga haruffan da aka auna kafa da su. Aiki uku ke gaban sashenmu: auna tazarar karɓa-karɓar magana a hirar Hausa ta baki da ta waya, tattara kalmomin salula a garuruwan iyaka daga Magarya da Dungas zuwa Daura da Maigatari, da nazarin yadda rubutun haruffa masu lanƙwasa yake sauyawa tun da saƙo ya bar kafar sigina ya koma intanet.